Likitan ƙashi mai koyon aiki a lokacin korona: a ina ya fi kwasar cuta?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau tambaya ce zan fara da ita. Idan aka ce maka likitan ƙashi ya kamu da korona a wurin aiki, a ina kake ganin ya kwaso ta? Na san yawancinmu ɗakin tiyata za mu ce. To ku biyo ni, don amsar ba haka take ba.

Da farko su waye waɗannan masu koyon? Cikakkun likitoci ne fa, sun gama makaranta, yanzu suna neman ƙwarewa a tiyatar ƙashi a ƙarƙashin manyan likitoci, a Amurka misali shekara 5 ake yi. Su ne ake tasa cikin dare idan an kawo wanda ya yi hatsari, su duba karaya, su tura shi hoto, su ɗaura filasta, da safe su zagaya gado gado, a tiyata kuma su ne masu riƙe ƙafa. Babban likita ya kan shigo ya yi nasa ya fita, shi kuwa mai koyo a asibitin yake wuni, sau da yawa nan yake kwana.

To dalilin da ya sa kowa ke zargin ɗakin tiyata a bayyane yake. Aikin ƙashi aiki ne na zarto mai lantarki da injin huda ƙashi da guduma, ga ruwan da ake fesawa da ƙarfi don wanke rauni, ga hayaƙin na'urar da ake ƙona jijiyoyin jini da ita don jini ya tsaya. Duk waɗannan suna tada feshi, wani ka gan shi a gilashin fuskarka ja ja, wani kuma ido ba ya ganinsa. Sannan lokacin da mai allurar barci ke zura bututu a maƙogwaron mara lafiya ko yake cirewa, nan ne abin ya fi haɗari, tunda korona a hanyar numfashi take zaune. Ƙari a kan haka, ɗakin tiyata an gina shi ne iska ta riƙa fita daga ciki zuwa waje don kare raunin mara lafiya, ka ga idan mai korona ne a kan gadon sai lissafin ya juye, shi ya sa asibitoci suka riƙa ware ɗakin da ke zuƙe iska ciki.

Amma ga abin da aka gani a birnin Wuhan na ƙasar Sin, inda cutar ta fara ɓulla a Disambar 2019. An bi diddigin likitocin ƙashi 26 da suka kamu a asibitoci 8, aka buga sakamakon a 2020. Da aka duba inda ake zaton sun kwaso ta, kusan kashi 79 cikin 100 ɗakin kwanciyar marasa lafiya ne, kusan kashi 21 wuraren da kowa ke bi a asibiti, ɗakin tiyata kuwa kashi 12.5 kacal (jimillar ta haura 100 ne don wasu wuri fiye da ɗaya ake zato).

Kuma in ka yi tunani abin ya hau. A tiyata mutum a shirye yake, ya sa riga, ya sa safar hannu biyu, ya sa takunkumin N95 mai tace iska da gilashi. Amma a zagayen safe fa? Tsoho ne ya faɗi ya karye a ƙugu, ba tari ba zazzaɓi, babu wanda ya kawo korona a ransa, kai kuma ka sunkuya dab da fuskarsa kana tambayarsa ina ke ciwo. Ko a ɗakin hutu, ƙaramin ɗaki ba taga, mutum biyar sun sauke takunkumi suna cin abinci suna hira. Binciken nan ya nuna rashin sa N95 na ƙara haɗari, gajiya mai tsanani ma haka, waɗanda kuma aka yi wa horo kan kare kai sun fi tsira. Maganar gajiya ni ita ta fi tsaya min a rai, don wa ya kai mai koyo gajiya? Wanda ya kwana a tsaye shi ne zai cire safar hannu ba bisa tsari ba, ya sosa ido bai ma sani ba. Kuma ɗaya cikin huɗu na likitocin nan na Wuhan sun sa wa wasu cutar, yawanci iyalinsu na gida.

Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana annoba ranar 11 ga Maris 2020, sai aka dakatar da tiyatar da za ta iya jira, irin su canjin gwiwa da ƙugu. Wani ƙiyasi ya ce tiyata wajen miliyan 28 za a soke ko a ɗage a duniya cikin mako 12. Sai aka kwashi masu koyon ƙashi aka kai su ɗakin kulawa ta musamman, mutumin da ya saba da ƙarfe da kusa yau ga shi gaban na'urar numfashi. A wasu asibitocin su aka ba aikin kifa marasa lafiya rub da ciki don huhu ya samu iska, da yake sun iya juya jiki ba tare da sun ji wa mutum ciwo ba, aikin kuma sai mutum da yawa sun taru jiki da jiki da mai cutar.

Nan wata damuwar ta shigo. Tiyata da hannu ake koyonta, lacca ta Zoom ba ta koya maka nauyin injin huda, ga adadin aikin da dole ka cika kafin a ce ka ƙware, ga jarrabawa an ɗage, ga tsoron kai cuta gida har wasu suka ƙaurace wa iyalinsu. Kuma mai koyo ba kasafai yake iya buɗe baki ya ce wa ogansa ba zan shiga ba sai an ba ni N95 ba, tunda ogan ne zai sa hannu a takardarsa. A ganina wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, kuma ba laifin ƙwayar cuta ba ne, laifin tsari ne.

Asibitocin da suka yi dabara sun raba likitoci rukuni rukuni, waɗannan suna aiki waɗancan suna gida, ba a haɗuwa, yadda in mutum ɗaya ya kamu ba za a killace sashen gaba ɗaya ba. Suka rage masu shiga tiyata, a fita waje lokacin zura bututu, a gwada wa kowa N95 a tabbatar ya kama fuskarsa, don in akwai gemu ko 'yar kafa ta gefen hanci to iska ta nan za ta bi. Sannan a sa wani ya tsaya yana kallonka lokacin da kake tuɓe kayan kariya, ɗaya bayan ɗaya, saboda a wurin cirewar ne hannu ke taɓa wajen rigar da ya riga ya gurɓata.

A bidiyo na gaba za mu duba sukar allura da yankan ƙashi mai kaifi a tiyata, da yadda ciwon hanta ke bi ta nan.