Luwaɗi da zunubi: laccar da aka yi wa matasan ikilisiya a Damagaram

Salama gare ku, ƴan'uwa cikin Almasihu. Dattawa, iyayena mata da ke can baya, matasa, na gode da kuka zo cikin wannan rana. Maganar yau tana da nauyi a baki. A gidajenmu ba a yin ta sai da raɗa, amma yaranmu suna karanta ta kullum a waya, don haka gara su ji ta a majami'a.

Me Littafi Mai Tsarki ya ce? Littafin Firistoci 18:22 ya hana namiji ya kwana da namiji kamar yadda ake kwana da mace. A Romawa 1:26-27 Bulus ya ambaci maza da mata duka, wato luwaɗi da maɗigo. A Matiyu 19 kuma, da aka tambayi Yesu kan saki, sai ya mayar da masu tambaya ga Farawa: namiji da mace, su zama jiki ɗaya. Nan ikilisiya ta tsaya tun zamanin manzanni, nan ni ma nake tsaye. Aikin zunubi ne, ba zan ɓoye muku ba.

To amma ku buɗe 1 Korantiyawa 6, aya 9 zuwa 11. Bulus ya jera waɗanda ba za su gaji mulkin Allah ba. Masu luwaɗi suna ciki, ƙwarai. Su wa ke gefensu? Mazinata, ɓarayi, masu kwaɗayi, mashaya, masu zage-zage. Mai tauye mudu a kasuwar Dole yana cikin wannan sahu. Wadda ke ɓata sunan maƙwabciyarta a bakin famfo tana ciki. Sai aya ta 11 ta ce wasunku dā haka suke, amma an wanke su. Ke nan a Koranti irin waɗannan mutane sun tuba, suna zaune cikin jama'a ana cin jibin Ubangiji tare. Ko Saduma da muke yawan ambata, Ezekiyel 16:49 ya lissafa mata girman kai, da ƙoshi, da ƙin taimakon matalauta. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Kiristocin duniya bakinsu bai zo ɗaya ba. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya raba sha'awar da mutum ke ji da aikin da yake yi: aikin ba a yarda da shi ba, mutumin kuwa a karɓe shi da mutunci da tausayi, kada a zalunce shi. A Disamban 2023 fadar Paparoma Francis ta ba da damar sa wa mutum biyu masu jinsi ɗaya da ke zaman tare albarka ba tare da an ɗauke shi aure ba. Wata bai cika ba, a Janairun 2024, bishop-bishop na Afirka ta bakin Kadinal Ambongo na Kinshasa suka ce ba za a yi haka a majami'unsu ba. Anglika ma sun tsage: taron bishop-bishop ɗinsu na Lambeth a 1998 ya ce aikin ya saɓa wa Nassi, a 2003 reshen Amurka ya naɗa Gene Robinson bishop alhali yana zaune da namiji, ikilisiyar Najeriya ƙarƙashin Peter Akinola ta ƙi amincewa.

Masu yarda da abin suna da hujjarsu, ku san ta. Suna cewa Bulus yana nufin lalata yara da bayi da karuwanci na zamaninsa ne, ba mutum biyu masu riƙon amana ba. Na karanta su, ban gamsu ba, domin Bulus ya ce sha'awar juna suke yi, bai ce wani ya danne wani ba.

Yanzu abin da ya fi damuna. Wata uwa ta same ni bayan sujada, ta kwance bakin zanenta ta fito da wayar ɗanta, hannunta na rawa. Uban ya ga saƙonnin da ke ciki, ya kore shi, kwana uku yaron na kwana a tasha. Ta ce, "Fasto, ɗana ne, ni na haife shi, ina zan kai shi?" Na je tashar da magariba, na same shi kwance a kan benci da kwali ya yi matashi. Yana ganina ya rufe fuska, ya ɗauka wa'azi na zo yi masa a gaban mutane. Na ce, "Ɗana, tashi mu je ka ci tuwo."

Mu Kiristocin Zinder mun san fushin taro. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 mun ga hayaƙin majami'unmu da idonmu. Ban iya barin yaron nan a hannun taro ba, ko da taron namu ne. Ban ce masa abin daidai ne ba, ban kuma kira sunansa a mimbari ba. Yesu ya hana a jefi matar da aka kama da zina, ya kuma ce mata kada ta ƙara, duka a Yahaya 8.

Yaron ya yi wata biyu a gidana. Muna karatu tare da asuba, wani lokaci ya yi kuka, wani lokaci ya yi mini gardama. Uban har yau bai yi masa magana ba, ina dai zuwa gaishe shi duk mako. Uwar kuwa tana aiko masa da fura.

Duk mai tambaya ya ɗaga hannu.