Libre ko Gratuit: Yadda Latin ya raba 'yanci da kyauta

Idan ka shiga kantin magani a Yamai ko Damagaram ka ga an rubuta "en vente libre" da Faransanci, to kada ka ɗauka ka fice. Sai ka biya. Abin nufi shi ne ana sayar da maganin ba tare da takardar likita ba. Da kyauta ne, "gratuit" za ka gani. Wannan rabe-raben gado ne daga Latin, harshen Rumawan dā.

A Latin, "liber" shi ne wanda ba bawa ba. Mace "libera", matsayin kuwa "libertas". Bawan da aka 'yanta sunansa daban, "libertus", domin ko bayan 'yantawa akwai hidimar da ta rage masa a gidan tsohon ubangidansa. Jam'in kalmar kuma, "liberi", da shi ake kiran 'ya'yan gida. Bahaushe ba zai yi mamaki ba: a wurinmu ma "ɗa" shi ne wanda aka haifa, shi ne kuma kishiyar bawa.

Maganar kuɗi daga wani tushe ta fito. "Gratia" alheri ne ko godiya. Aikin da aka yi "gratiis" an yi shi ne don godiya kawai, ba lada. Da baki ya gajarta kalmar sai ta koma "gratis", kuma daga gidan nan "gratuitus" ta fito.

Harsunan da Latin ya haifa duk sun riƙe layukan nan biyu. Italiyanci "libero", Sifaniyanci da Faransanci "libre", Fotugis "livre", Romaniyanci "liber". A ɓangaren kyauta kuwa, "gratis", "gratuito", "gratuit".

Yanzu a natsu, ga inda ɗalibai ke faɗawa rami. Latin na da "liber" guda biyu, rubutu ɗaya, furuci daban, kamar garin da ake zama da garin tuwo. Mai dogon wasalin "i" shi ne 'yantacce. Mai gajeren wasali ɓawon itace ne na ciki, wanda ake rubutu a kansa, daga baya ya zama littafi. Shi ya ba da "libro" a Sifaniyanci da Italiyanci. A Faransanci "b" ta rikiɗe ta zama "v", littafi ya zama "livre". Ke nan "livre" a Faris littafi ne, a Lisbon ta Fotugal kuwa 'yantacce, littafinsu "livro". To me ya sa "libre" ta Faransanci ta tsira da "b" ɗinta? Saboda masu ilimi ne suka aro ta kai tsaye daga rubutaccen Latin. Wadda ta biyo bakin jama'a ita ce "livrer", wato miƙa kaya, daga "liberare".

Ingilishi ya cusa ma'anonin biyu cikin kalma ɗaya, "free", abin da ya daɗe yana rikita masu manhajar kwamfuta: kyauta ake nufi, ko 'yancin gyarawa da rarrabawa? Ka dubi sunan manhajar LibreOffice, da aka kafa a 2010, za ka ga inda suka je aro.

Sai ƙirƙirarrun harsuna. Interlingua ta 1951 ba ta wahalar da kanta ba, ta kwashi "libere" da "gratuite" kusan yadda suke. Harshen Ido na 1907 na da "libera", 'yantacce, da "libereso", 'yanci. Wadda ta fi nuna gwaninta ita ce Esperanto, da wani likita mai suna Zamenhof ya fitar a 1887. Tushe ɗaya ne, "liber", sai a riƙa ɗaura masa ɗafi. "Libera", 'yantacce. "Libereco", 'yanci. "Liberigi", a 'yanta wani, amma "liberiĝi", mai hula a kan "g", mutum ya kuɓuta. Sa "mal" a gaba ma'ana ta juye: "mallibera", tsararre. Ƙara "ej" mai nuna wuri, ka sami "malliberejo", gidan yari. Sa "ul" mai nuna mutum, ga "malliberulo", fursuna.

Kyauta kuwa "senpaga" ce: "sen" babu, "pag" biya. Masu shigowa Esperanto ta ƙofar Ingilishi sukan tallata darasi da "libera kurso", alhali in dai ba a karɓar ko sisi, "senpaga kurso" ya kamata su rubuta.