Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki daga Al'ummar Hausawa Mazauna Makka, Ramadan 1443 (Afrilun 2022)

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Allah ya ja zamanin Sarki. Mai Martaba, da hakimai da 'yan majalisar da suka rako shi, da malamanmu, da dattawan unguwanni, da iyayenmu mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin Hausawa mazauna Makka, da 'yan'uwanmu da suka taso daga Jidda da Madina da Ɗa'if domin wannan zama, ina yi wa Mai Martaba barka da sauka, tare da addu'ar Allah ya karɓi Umararsa da azuminsa. A cikin waɗanda ke zaune a gaban Sarki akwai jikokin mutanen da suka taho da ƙafa ta Chadi da Sudan, suka tsallako Bahar Maliya daga Sawakin, akwai kuma waɗanda neman ilimi ko sana'a ya kawo su a 'yan shekarun nan, amma dukkanmu talakawan Sarki ne duk inda muke. Shekara biyu ke nan rabonmu da tarbar babban baƙo daga gida. Ko a watan Disambar bara sai da aka dakatar da jiragen da ke tasowa daga Najeriya saboda sabon nau'in korona na Omicron, ba a ɗage dakatarwar ba sai ranar 5 ga Maris na bana, saboda haka Mai Martaba na cikin sahun farko na iyayen ƙasa da suka iso bayan buɗe hanya.

An sanar da mu cewa Sarki yana so ya ji daga bakinmu yadda aikin allurar rigakafin korona ya gudana a wannan ƙasa, kuma mun san dalili. Tun da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009 ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, iyayen ƙasa ne suka ɗauki nauyin shawo kan jama'a a yaƙi da shan inna, har Allah ya sa aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a ranar 25 ga Agusta 2020. Zan faɗi abin da muka gani da idonmu, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Kafin zuwan allurar mun sha wuya. An dakatar da Umara ga masu zuwa daga waje a ƙarshen Fabrairun 2020, aka rufe unguwanni irin su Misfala da Hosh Bakr inda mutanenmu ke da yawa, sannan a farkon Afrilu aka sanya wa Makka baki ɗayanta dokar hana fita dare da rana, wadda ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai a watan Yuni. Akasarin mutanenmu da hidimar alhazai suke ci: masu tuwo, masu ɗinki, masu tura keken marasa ƙarfi, direbobi da dillalan tsaraba. A shekarar da aka yi aikin Hajji da 'yan tsirarun mutane, dukkansu daga cikin gida, waɗannan bayin Allah sun wayi gari ba su da abin yi. Na kawo wannan ne domin Mai Martaba ya fahimci cewa a wurinmu maganar allura maganar buɗe Harami ce da komawa neman abinci.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Saudiyya ta amince da allurar Pfizer a ranar 10 ga Disamba 2020, aka fara yi wa jama'a ranar 17 ga watan a Riyad, kuma ministan lafiya na lokacin, Dakta Taufik Al-Rabi'a, yana cikin waɗanda suka fara miƙa hannu. Yarima mai jiran gado Muhammad bin Salman ya karɓi tasa a ƙarshen watan, Sarki Salman kuma a farkon Janairun 2021, aka nuna su duka a talabijin. An tsara aikin kashi uku, aka fara da waɗanda suka haura shekara 65 da ma'aikatan lafiya da masu fama da cututtuka masu tsanani. Abin da ya fi kwantar mana da hankali shi ne tun daga ranar farko an ce kyauta ce ga ɗan ƙasa da baƙo mai igama, wato takardar izinin zama, kuma haka muka tarar. Mutum zai yi rajista a manhajar Sehhaty ta waya, a turo masa rana da sa'a da wuri, ya je ya zauna a kujera kusa da ɗan ƙasa a yi musu allura iri ɗaya. A Jidda tsohon ɓangaren kudu na filin jirgin sama aka mayar cibiyar rigakafi, daga baya aka faɗaɗa aikin har zuwa shagunan sayar da magani.

Allah ya taimaki Sarki, ba zan ɓoye cewa mutanenmu sun yi ɗari-ɗari da farko ba, kuma ba jahilci ne ya jawo hakan ba. Sunan kamfanin da aka fara kawo allurarsa, wato Pfizer, suna ne da duk Bakano ya sani tun annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da aka yi gwajin maganinsa na Trovan da ya ƙunshi yara wajen 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma saƙonnin murya da suka yi ta yawo a WhatsApp daga gida, wasu na cewa allurar tana hana haihuwa, wasu na cewa duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu a duniya ba. Malamanmu da dattawan unguwanni ba su yi wa kowa gori ba. Sun fara zuwa da kansu, suka dawo suka faɗi gaskiyar abin da suka ji a jikinsu, na ciwon hannu da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, sannan matasanmu suka riƙa bi gida gida suna yi wa tsofaffi rajista, domin da yawa daga cikinsu ba su iya sarrafa babbar waya ba. Iyayenmu mata da ke zaune a nan sun cancanci yabo na musamman, don su ne suka shiga ɗakunan da namiji ba zai shiga ba.

Wani zai ɗauka cewa ƙasa mai arzikin man fetur ba za ta san ƙarancin allura ba, alhali ta sani. A watan Janairun 2021 kamfanin Pfizer ya rage abin da yake aikawa ƙasashe saboda aikin faɗaɗa masana'antarsa da ke Beljiyam, sai ma'aikatar lafiya ta fito ta sanar cewa an ɗage ranakun da aka ba mutane, ta kuma faɗi dalili. A watan Fabrairu aka amince da allurar AstraZeneca, wadda firji na yau da kullum ya ishe ta, saɓanin ta Pfizer da a lokacin take buƙatar sanyi mai tsananin gaske, wajen digiri 70 ƙasa da sifili. A watan Afrilu kuma aka ɗauki mataki mai nauyi: aka jinkirta allura ta biyu domin abin da ke hannu ya kai ga mutane masu yawa a zagayen farko, ba a sake buɗe ta ga kowa da kowa ba sai a watan Yuli, watan da aka amince da Moderna. Mutane sun yi gunaguni, musamman waɗanda suka ga ranarsu ta matso sannan aka ɗage. Amma a iya fahimtata, abin da ya hana gunagunin zama ƙin yarda shi ne a kowane karo an faɗa wa jama'a abin da ya faru, an ba su sabuwar rana, kuma da ranar ta zo sun tarar da allurar tana jiransu.

Sai bayan allura ta wadata aka ɗaure jama'a da doka. Hajjin 2021 an taƙaita shi ga mutum 60,000 mazauna ƙasar, dukkansu waɗanda aka yi wa rigakafi. Daga 1 ga Agusta 2021, aka hana shiga ma'aikata ko kasuwa ko motar haya ta jama'a sai manhajar Tawakkalna ta nuna koren launi, shaidar cewa mutum ya yi. Ranar 17 ga Oktoba aka cire alamun ba da tazara daga Masallacin Harami, masallata suka haɗa kafaɗa kamar da, kuma yanzu alluran da aka yi a ƙasar sun haura miliyan 60. Ina jaddada wannan jerin ne saboda mun ji ana muhawara a gida kan tilasta wa jama'a. Tilas ta yi aiki a nan domin wanda aka hana shiga kasuwa yau zai iya samun allura gobe a kusa da gidansa ba tare da biyan ko riyal ɗaya ba. Da an sanya dokar a lokacin da ake ɗage ranaku, da ba a samu komai ba sai fushin jama'a da cinikin takardun bogi.

Akwai waɗanda tsarin bai kai gare su cikin sauƙi ba, kuma Sarki uba ne, ya kamata ya sani. Rajista tana buƙatar lambar katin ɗan ƙasa ko ta igama, a cikinmu kuwa akwai waɗanda takardunsu suka ƙare ko suka samu saɓani da kafilansu, wato waɗanda suka tsaya musu a kan takardar zama. Muna godiya ga Sarki Salman da ya ba da umarni a ƙarshen Maris 2020 cewa a yi wa duk wanda ya kamu da cutar magani kyauta, har da wanda zamansa ya saɓa ƙa'ida, amma tsoron a kama mutum a mayar da shi gida ya sa wasu sun ƙi kusantar ko da ƙofar asibiti. Muna roƙon Mai Martaba, idan ya gana da jami'an ofishin jakadancinmu da ke Jidda, ya sa baki a duba yadda za a sauƙaƙa wa irin waɗannan mutane sabunta fasfo da daidaita zamansu.

Muna bin labarin gida kullum, kuma mun san yanayin ba ɗaya ba ne. Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ta karɓi kashin farko na allurar AstraZeneca kusan miliyan 4 ta hannun COVAX, shirin duniya na raba allurar korona ga ƙasashe, a ranar 2 ga Maris 2021, ba a jima ba Indiya, inda ake sarrafa ta, ta dakatar da fitarwa saboda annobar ta yi mata tsanani, aka zauna jira har zuwa Agusta kafin a shiga kashi na biyu da gudummawar Moderna daga Amurka. A watan Disamba kuma sai ga shi an lalata allura fiye da miliyan 1 a Abuja, domin ƙasashen da suka ba da ita kyauta sun aiko ta ne dab da ƙarewar wa'adinta. Duk wanda ya san wannan ba zai yi saurin ɗora laifi a kan talakan ƙauye ba. Mutumin da ya bar gonarsa ya je cibiyar lafiya aka ce masa ta ƙare, ba a kuma faɗa masa ranar dawowa ba, da wuya ya sake tahowa, sannan a rubuta shi cikin masu ƙin rigakafi.

Wannan ya kawo ni ga babban roƙonmu. A cikin wannan wata mai alfarma hukumomin Saudiyya suka sanar cewa mutum miliyan 1 za su yi Hajjin bana daga ciki da wajen ƙasa, da sharaɗin kada shekarun maniyyaci su kai 65, ya kammala allurar da ma'aikatar lafiyar Saudiyya ta amince da ita, ya kuma zo da sakamakon gwajin da aka yi cikin sa'a 72 kafin tashi. Najeriya ta samu kujeru 43,008, ƙasa da rabin 95,000 da ta saba samu. Tsakaninmu da tsayuwar Arfa bai kai wata uku ba, jigilar alhazai za ta fara tun kafin nan, allura mai zagaye biyu kuwa tana buƙatar makonni tsakanin ta farko da ta biyu. Maniyyacin da ya yi shekara biyu kuɗinsa na ajiye a hukumar alhazai, idan ya jira sai an kira shi sansani kafin ya nemi allura, zai iya rasa kujerarsa. Muna roƙon Mai Martaba ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su nemo maniyyatan yankunansu tun yanzu, a haɗa kai da hukumar kiwon lafiya a matakin farko a ware musu rana sananniya da wuri sananne, a sanar a masallatan Juma'a da gidajen rediyo, a kuma tabbatar allurar ta iso kafin a kira mutane.

Haka nan muna roƙo a ja kunnen masu neman kati ba tare da allura ba. A nan ana duba shaidar rigakafi ne a na'ura, kuma idan aka kama alhaji ɗaya da katin bogi, duk wanda ya biyo bayansa da koren fasfo zai sha tambaya. Dattawanmu ba su manta da abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ba, lokacin da cutar ta bazu har Sudan da Yaman da Indunisiya, aka shafe shekaru ana ɗiga wa alhazan Najeriya maganin a baki da zarar sun sauka a filin jirgi, babba da yaro. A namu ɓangaren, matasanmu sun shirya tsaf domin taimaka wa alhazan masarautar Sarki wajen sanya manhajojin da ake buƙata a wayoyinsu da yi musu tafinta a asibitoci idan sun iso, kuma za mu miƙa sunayensu ga sakataren Mai Martaba kafin ya tashi zuwa Madina.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya mayar da shi gida lafiya, ya zaunar da ƙasarmu da wannan ƙasa da ta karɓe mu lafiya. Yanzu, da izinin Mai Martaba, zan gayyaci babban limaminmu ya yi addu'a, daga nan mu saurari jawabin Sarki. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.