Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Motocin Amurka da Ake Gani Ajiye a Gari

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru a kan tsofaffin motocin Amurka, kuma lokacin da aka ba mu kaɗan ne. Tare da ni akwai dattijon bakanike da ya haura shekara arba'in a gareji a Kano. Baba, barka da zuwa.

Baba: Barka kadai, ɗana. Allah ya yi albarka.

Mai gabatarwa: Amin. Wani mai sauraro daga Maraɗi ya ce wace mota ce ta fara shiga hannun talakan Amurka? Ford Model T ce, an ƙera ta daga 1908 zuwa 1927, guda kusan miliyan 15. Wani kuma daga Gusau yana son sanin ko motar da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki a 1976 ƙirar Amurka ce. A'a, Malam, Marsandi ce ƙirar Jamus, tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas.

To, ga tambayar da ta fi yawa. Ta zo daga Zariya, ta zo daga Damagaram, daga Kumasi, har da wani ɗalibinmu da ke karatu a jihar Michigan. Dukansu abu ɗaya suke cewa: ka ga tsohuwar mota doguwa a ajiye, babu mai ita a kusa balle ka tambaya, yaya za ka gane ta Amurka ce, kuma ta wane zamani? Baba, bismillah.

Baba: Ai tsayinta kaɗai ya isa ya gaya maka. Cadillac ta 1959 ta kai mita 5.7. Ajiye Fijo 504 a gefenta, sai ka ga kamar ɗa da uwarsa. Ni da na fara koyon aiki, akwai wani attajiri da ke kawo mana Chevrolet Impala, idan ta shigo gareji sai an fitar da motoci biyu kafin ta samu wuri. Mutumin kirki, Allah ya jiƙansa, ba ya tafiya sai ya bar wa yara kuɗin goro, kuma direbansa...

Mai gabatarwa: Allah ya jiƙansa. Amma Baba, shekarar suke tambaya.

Baba: Ina zuwa. Ka zagaya bayanta. In ka ga ƙarfen baya ya tashi sama hagu da dama kamar wutsiyar jirgin sama, to ta shekarun 1950 ce. Cadillac ce ta fara wannan ado a 1948, sun kwaikwayo shi daga wani jirgin yaƙi, P-38. Da farko ɗan tudu ne kawai, yana ta girma shekara bayan shekara, a 1959 ya kai maƙura. Daga nan suka fara rage shi, kafin tsakiyar shekarun 1960 ya ɓace.

Mai gabatarwa: Ku ji da kyau, zan maimaita. Wutsiya ƙarama, farkon shekarun 1950. Wutsiya doguwa mai tsini, wajen 1957 zuwa 1960. Babu wutsiya, jiki ya miƙe sumul, to an wuce wannan zamani. Sai me kuma, Baba?

Baba: Sai ka dawo gaba ka ƙirga idanu. Fitila ɗaya hagu ɗaya dama, yawanci 1957 ce ko ƙasa da haka. Biyu-biyu, wato huɗu ke nan, daga 1958 suka yawaita. Ka duba gilashin gaba: in ya lanƙwaso har gefe kamar ya rungumi direba, wannan ma tsakiya zuwa ƙarshen shekarun 1950 ne. Sannan akwai ƙananan fitilu a gefen jiki, ruwan lemo a gaba, ja a baya. Doka ce ta tilasta su a Amurka daga 1968. In kuma bamba ta yi kauri ta turo waje kamar an manna ta daga baya, 1973 zuwa sama ce, ita ma doka ce ta kawo ta.

Mai gabatarwa: Wato wutsiya, fitilun gaba, gilashi, fitilun gefe, bamba. Na Zariya, ka rubuta. Bari in ƙara da abin da ni nake dubawa. Kowane kamfani da tambarinsa na jiki. Buick tana da 'yan ramuka uku ko huɗu a gefen gaba tun daga 1949. Impala kuwa, a mafi yawan shekarunta na farko, fitilun baya uku ne hagu uku dama, 'yan uwanta masu rahusa biyu-biyu. In ka ga doki yana sukuwa a hancin mota, Ford Mustang ce, wadda aka fito da ita a watan Afrilun 1964. Ni kam gaskiya raina ya fi kwantawa da Chevrolet Bel Air ta 1957, musamman mai launi biyu, sama fari ƙasa shuɗi. Masu ƙera ta sun zauna sun yi tunanin yadda za ta yi kyau ko tana tsaye. Motocin yanzu da yawa sai ka karanta tambari kafin ka bambance wannan da waccan.

Ɗalibinmu na Michigan ya ƙara da cewa me ya sa da bazara kaɗai yake ganinsu a titi? Gishiri ne. Da hunturu ana zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara, shi kuma yana cin ƙarfe, don haka masu su ke kulle su har sanyi ya wuce. Kuma kai da kake kusa da Detroit, gidan kamfanonin motoci na Ford da General Motors da Chrysler, kada ka bari Asabar ta uku ta watan Agusta ta wuce ka. Ranar ake fito da su dubbai a titin Woodward, tun 1995 ake yi. Ka ajiye littafi na yini ɗaya, ba za ka faɗi jarrabawa ba. Amma a wasiƙarka ka ce ka hau kan bonet ɗin wata ka ɗauki hoto. Haba, ɗan'uwa! Wani ya yi shekaru yana gyara abarsa. Ka kalla, ka yaba, in mai ita yana nan ka nemi izini, yawancinsu murna suke yi a tambaye su.

Wata baiwar Allah daga Yamai ta ce ta ga hotunan Havana, babban birnin Kuba, cike da irin waɗannan motoci, ko mutanen Kuba attajirai ne? Hajiya, larura ce. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta kammala ƙaƙabawa a 1962, sabuwar motar Amurka da kayan gyaranta suka daina shiga. Sai suka riƙe na hannu, da yawa tasi ake yi da su har yau.

Baba: Waɗannan su ne kanikawa! Ka buɗe bonet ka tarar da injin dizal na Toyota ko Hyundai, wani abin kuma daga motar Rasha aka ciro. Jiki na Amurka, ciki na duniya.

Mai gabatarwa: Daga Funtuwa an tambaya ko har yanzu ana ƙera Pontiac. An daina a 2010, Oldsmobile kuwa tun 2004. Wani daga Garwa ya ce lita nawa irin wannan mota ke sha, Baba?

Baba: Kai, wanda bai taɓa jin injin silinda takwas yana gurnani da safe ba, bai san mota ba. Kuma abin da ke ba yaran yanzu wahala, notocinta da inci aka auna su, sifanarmu kuwa milimita ce. Yaro ya sa lamba 13 a kan noti rabin inci, ya ja da ƙarfi, ya cinye kan. Na sha faɗa...

Mai gabatarwa: Man, Baba, man.

Baba: Oho. Manyan ciki, lita ɗaya kilomita huɗu zuwa shida. Shi ya sa da man fetur ya yi tsada a 1973 Amurkawa da kansu suka fara komawa ƙananan motocin Japan.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, kuma ita ce ta taɓa ni. Wani matashi daga Katsina ya ce Chevrolet ɗin marigayi kakansa tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida tun kafin a haife shi, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji na kwana a ciki, ga 'yan gwangwan sun zo sun yi tayi. Ya sayar? Ɗan'uwa, da farko dai motar gado ce, ba taka kai kaɗai ba, sai magada sun zauna. Na biyu, mai gwangwan kilo zai auna, ya sa guduma, cikin yini ɗaya ta zama tarkace. Kada ka yi gaggawa. Ka nemi ƙaramin farantin ƙarfe mai lamba, yawanci a bakin ƙofar direba yake, ka ɗauki hotonsa. Da wannan lamba ake gane ainihin shekararta da samfurinta.

Baba: Kuma kada ya kawo batir ya ce zai tayar da ita! Man ciki ya lalace, ɓera ya ci waya. A cire fulogogi, a zuba ɗan baƙin mai a ramukan, a bar shi kwanaki, sannan a gwada juya injin da hannu. In ya juya, tana da rai. Ya leƙa ƙarƙashi kuma, tsatsar ƙasa ita ce mai kisa, fenti ba komai ba ne. Ƙasarmu busasshiya ce, sau da yawa ƙarfen na nan lafiya.

Mai gabatarwa: Ka ji. Ko ba ku da halin gyara yanzu, ku ɗaga ta a kan bulo, ku rufe ta da tamfol, ku kori kajin. Ka rubuto mana abin da lambar ta nuna. Baba, mun gode ƙwarai. Ana yi mini alama da hannu lokaci ya cika, na Agadas da na Bauci ku yi haƙuri, wasiƙunku na nan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.