Ambuwaz: Ƙofar da Ta Kashe Sarki da Kaburbura 25 a Gefen Kogin Luwar

Hajiya: Assalamu alaikum, masu sauraro. Tun ranar da hoton nan na duwatsun kabari masu rubutun Larabci a harabar wata fadar Faransa ya fara yawo a WhatsApp, saƙonninku ba su bar mu mun huta ba, har wasu na rantsuwa cewa haɗa hoton aka yi da kwamfuta. Malam, a warware mana.

Malam: Hoton gaskiya ne, Hajiya. Garin sunansa Ambuwaz, Faransawa suna rubuta shi Amboise, kuma yana zaune ne a bakin kogin Luwar, kogi mafi tsawo a Faransa, wanda ya ɗan haura kilomita 1,000. Mutanen garin ba su wuce 13,000 da wani abu ba, kuma tsakaninsa da birnin Tur tafiyar kimanin kilomita 25 ce. Sai dai kafin mu isa kan kaburburan, dole a san yadda aka yi ƙaramin gari irin wannan ya mallaki fada a kan dutse tana kallon ruwa. Akwai tsibiri a tsakiyar kogin daidai wurin, wanda ya sauƙaƙa ƙetarewa da kafa gada, kuma duk wanda ya riƙe mashigar ruwa a wancan zamani ya riƙe haraji da hanyar mayaƙa. A 1434 Sarki Sharl na Bakwai ya ƙwace fadar daga hannun mai ita, tun daga nan ta zama gidan sarauta. A cikinta aka haifi jikansa Sharl na Takwas a 1470, shi ne kuma ya dawo daga yaƙin Italiya da magina da masu tsara lambu domin su ƙawata masa mahaifarsa.

Auta: Shi ne mai ƙofar nan ko, Malam?

Malam: Shi ne, Auta, na san tun ɗazu nan kake jira a zo. A watan Afrilun 1498, yana da shekara 27, ya fito zai je kallon wasan ƙwallo a cikin fadar, sai goshinsa ya bugi saman wata gajeriyar ƙofa. Ya wuce ya kalli wasan kamar babu komai, daga baya ya yanke jiki ya faɗi, bayan 'yan sa'o'i rai ya yi halinsa.

Auta: Mutumin da ya ƙetare duwatsu da runduna har ya shiga Nafoli, bai mutu da mashi ba, sai ƙofar gidan ubansa ce ta gama da shi.

Hajiya: Shi ya sa nake ganin hikimar magabatanmu da suke gina ƙofar zaure gajeriya, domin tun yaro yana ƙarami yake koyon sunkuyawa.

Auta: To ai matsalar kenan, Hajiya, shi ba a koya masa sunkuyawa ba, gabansa ake sunkuyawa. Da an karanta masa cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, da ya durƙusa wa ƙofar ya wuce lafiya.

Malam: Abin mamakin ma, an bayyana shi a matsayin gajeren mutum.

Auta: Ashe wada ne ya ƙi durƙusa wa wada.

Hajiya: Ni maginin da ya auna ƙofar nake tausaya wa, domin ban san da wace fuska ya fito kasuwa washegari ba.

Auta: Ina jin tun daga ranar duk ƙofar da ya gina, raƙumi da kayansa zai shige.

Malam: Mu bar ƙofar nan haka, domin ta cinye mana lokaci kamar yadda ta cinye sarki. Wanda garin yake tinƙaho da shi a yau wani baƙo ne daga Italiya, shahararren mai zane Leonardo da Vinci. Sarki Faransuwa na Ɗaya, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Ambuwaz, ya gayyato shi a 1516, ya sauke shi a gidan Kulo Luse da ke kusa da fada, ya yanka masa albashi, kuma a wannan gida ya rasu ranar 2 ga Mayu, 1519. Ƙasusuwan da ake kyautata zaton nasa ne suna cikin ƙaramar majami'ar San Uber a harabar fadar, kuma nan ne maziyarta suke yin dafifi. Bayan shekara 329 da rasuwarsa aka kawo wani baƙon, amma shi da masu gadi aka kawo shi.

Hajiya: Amir Abdulƙadir na Aljeriya.

Malam: Shi fa. Ya shafe shekara 15 yana fafatawa da Faransawa, sannan ya ajiye makami a watan Disambar 1847 bisa alkawarin cewa za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka. Aka saɓa alkawarin, aka kai shi Faransa aka tsare shi a garin Tulon, aka mayar da shi garin Po, sannan a watan Nuwambar 1848 aka kawo shi Ambuwaz tare da iyalansa da mabiyansa kimanin 80. A lokacin fadar ta riga ta lalace, domin an rushe mafi yawan gine-ginenta a zamanin Nafoliyon na Ɗaya saboda tsadar gyara. Ku ƙiyasta mutanen da suka saba da rana da sarari, an rufe su a ɗakunan dutse masu danshi, hazon kogi yana tasowa kullum da sanyin hunturu. A cikin shekara huɗu mutum 25 suka rasu, ciki har da ƙananan yara, aka binne su a harabar. Sai ranar 16 ga Oktoba, 1852, Luwi Nafoliyon, shugaban Faransa na lokacin, ya zo da kansa ya sanar da Amir cewa an sake shi.

Auta: Duwatsun da ke cikin hoton tun na wancan lokacin ne?

Malam: A'a, na baya-bayan nan ne. A 2005 wani mai fasaha ɗan Aljeriya, Rashid Ƙuraishi, ya tsara wurin da suke kira Lambun Gabas, ya kafa dutse 25, ɗaya domin kowane mamaci, ya kuma ja layin shuke-shuke da ke nuna alƙibla. Abin da ke ci mini rai shi ne, tafiyar 'yan mintoci ce tsakanin kabarin Leonardo da wannan lambu, amma an fi shekara 150 kafin mamatan su samu irin wannan karramawa.

Hajiya: A nan zan ɗan ja da kai, Malam. Fadar ba ta ɓoye lambun ba, yana cikin abin da ake nuna wa maziyarta, kuma gari ne da ke cin abinci da yawon buɗe ido tun da UNESCO ta sanya kwarin Luwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Ba laifi ba ne idan sun sa sunan da ya fi jawo jama'a a gaba.

Malam: Na yarda, amma ki tuna abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka kafa wa Amir wani sassaƙen ƙarfe a bakin kogin, wasu suka lalata ƙasansa kafin a ƙaddamar da shi. An dai yi bikin duk da haka. Kuma mutumin da aka yi wa wannan shi ne wanda ya kare dubban Kiristoci a Dimashƙa a 1860, har ita Faransar ta ba shi lambar girma.

Auta: Hajiya, mai ɗaukar sauti yana ɗaga mana hannu.

Hajiya: Ikon Allah, ga shi mun tsara za mu yi maganar jiragen gishiri da na giya da suka riƙa bin kogin kafin jirgin ƙasa ya kashe musu kasuwa, da kuma kisan 'yan Furotesta da aka rataye a jikin fadar a 1560, duk ba mu taɓa ba.

Malam: Ƙofa ce ta cinye su.

Hajiya: Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Auta, ka sunkuya idan za ka fita.