Tausa: Inda Hannu Yake Magani da Inda Yake Ɓarna

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar tausa ce a gabanmu. Ina tare da Malam Isyaku, ma'aikacin gashin ƙashi, da Hajiya Rabi, ungozoma. Malam, mu fara da abin da ya fi kawo muku mutane, ciwon baya.

Malam Isyaku: Shi ne kan gaba kam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020. A ƙa'idojin da ta fitar a 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, ta sa tausa cikin abubuwan da za a iya yi wa mai ciwon. Ƙungiyar likitocin Amurka ma tun 2017 ta ce sabon ciwon baya a fara da ɗumi da tausa kafin a kai ga ƙwaya. Sai dai sauƙin na ɗan lokaci ne, kwanaki ko 'yan makonni. Amfaninsa shi ne ya sassauta wa mutum har ya iya tashi ya motsa, don motsin ne yake warkar da bayan.

Zainab: Wasu suna cewa mataccen jini da dattin jiki ake korewa.

Malam Isyaku: Babu wani datti da hannu yake matsowa. Wannan aikin hanta ne da ƙoda. Abin da yake faruwa a jijiyoyin saƙo yake. Tun 1965 masu bincike biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa saƙon taɓawa da na zafi suna haɗuwa a lakar baya, kuma na taɓawar ya fi sauri, sai ya danne na zafin kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yaro in ya buge gwiwa, hannu yake kaiwa ya murza ba tare da an koya masa ba. Ga kuma sakin jiki: numfashi ya lafa, bugun zuciya ya sauko, naman da ya ɗaure ya saki, barci ya zo.

Hajiya Rabi: To Malam, koya wa na gida yadda ake yi, don yawanci mata ko miji ko ɗa ne zai yi, ba ma'aikaci ba.

Malam Isyaku: A kwanta rub-da-ciki a kan abu mai ɗan tauri, tabarma da bargo ya fi katifa mai lotsawa. A sa siririn matashi ƙarƙashin mara, wani ƙarƙashin idon sawu, don kada ƙugu ya lanƙwashe. Mai tausar ya yanke farce, ya cire zobe. Man shafawa kuwa ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ya isa bayan babba, man kaɗanya ko man kwakwa, a murza shi a tafin hannu ya yi ɗumi tukuna. In ya yi yawa hannu zamewa kawai zai yi, ba zai kama nama ba.

Minti uku zuwa biyar na farko shafa ce da tafin hannu duka, daga ƙugu zuwa kafaɗa, hannu ɗaya a kowane gefen ƙashin baya. Ana danna kaɗan in za a hau, a sassauta in za a dawo. Daga nan sai matsa: a kamo naman da ke gefen ƙashin da na saman ɗuwawu, a ɗaga, a murza, a saki, wajen minti biyar. In an ci karo da wani ƙulli mai zafi, a ɗora babban yatsa a danna a tsaye na daƙiƙa 20 zuwa 30, a saki a hankali. A ƙare da shafar farko. Duka-duka minti 15 zuwa 20.

Zainab: Ƙarfin dannawar fa? Akwai masu ganin in bai yi zafi ba bai yi aiki ba.

Malam Isyaku: Nan ake ɓata aikin. Ki kalli wanda ake tausawa. In ya riƙe numfashi, ya damƙe zanin gado, yatsun ƙafarsa suka lanƙwashe, to an wuce gona da iri, naman ma ƙara ɗaurewa yake yi don kare kansa. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ba komai, amma fata ta yi shati ko kumburi, an ji wa nama ciwo. Ba a danna kan ƙashin bayan kansa. Kuma al'adar nan ta a kira yaro ya hau ya tattaka bayan tsoho, don Allah a bari. Ƙashin dattijai, musamman mata bayan ɗaukewar al'ada, ya yi rauni, haƙarƙari yana iya tsagewa. Haka murɗa wuya da wasu masu aski suke yi har ya ce ƙas. Jijiyoyin jinin da suke kaiwa ƙwaƙwalwa ta nan suka bi, kuma an samu waɗanda hakan ya jawo wa shanyewar ɓarin jiki. Gaban wuya ma ba wajen dannawa ba ne sam.

Zainab: Akwai kuma ciwon bayan da bai kamata a tsaya tausa ba. In ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa tana raunana, asibiti a ranar. In da zazzaɓi, gumin dare da rama, a duba, don tarin fuka yana cin ƙashin baya. Hajiya, a ɗakin haihuwa fa?

Hajiya Rabi: A wajenmu akwai tausar da take ceton rai. Amma bari in fara da naƙuda. In ciwo ya taso, mai rakiya ta sa gindin tafin hannunta a kan faffaɗan ƙashin nan da ke ƙasan ƙugu, ta danna da ƙarfi daidai gwargwado tana ɗan zagayawa har ciwon ya lafa, sai ta huta tare da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan a ƙa'idojinta na 2018. Baya kawai fa. Danna ciki don a turo jariri yana iya fasa mahaifa.

Bayan mabiyiya ta fita, mahaifa dole ta dunƙule ta yi tauri, don dunƙulewar ce take matse jijiyoyin da suke zubar da jini. Ana taɓa ta daidai cibiya ko ƙasa kaɗan, kowane minti 15 cikin awa biyun farko. In aka ji ta yi laushi, jini yana zuwa, sai a tallafe ta da hannu ɗaya a saman ƙashin mara, ɗaya hannun a murza samanta a zagaye har ta yi tauri. In ta ƙi, ko ta karkata gefe, a duba mafitsara, sau da yawa cika ta yi ta hana mahaifar dunƙulewa.

Zainab: Wannan yana cikin binciken nan da ake kira E-MOTIVE, kan zubar jini bayan haihuwa.

Hajiya Rabi: Shi ne. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000, aka fitar da sakamako a 2023. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ana shimfiɗa leda mai ma'auni a ga yawan jinin da ya zuba, da an ga ya yi yawa sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, allurar dunƙule ta, maganin tsayar da jini, ƙarin ruwa, da duba ko akwai yagewa. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kashi 60 cikin ɗari. Don haka murzawar ba ita kaɗai ba ce. Wadda ta haihu a gida jini ya ɓalle, a riƙa murzawa ana hanyar asibiti.

Malam Isyaku: Hajiya, ki yi maganar ƙafar mai jego.

Hajiya Rabi: Wannan tana tayar mini da hankali. Makonni shidan farko bayan haihuwa jini yana saurin daskarewa. In sha-raɓar ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi ɗumi, tana ciwo, kada kowa ya murza ta, kada a gasa. Gudan jini ne mai yiwuwa, in ya ɓalle huhu zai tafi, numfashi ya sarƙe nan take. Haka yake ga wanda aka yi wa tiyata ko ya daɗe a kwance.

Zainab: Jariri kuma?

Hajiya Rabi: Yana so, yana kuma sa shi barci. A jira kamar minti 45 bayan ya sha nono, ɗaki da ɗumi, minti 10 ya wadatar. Ɗigon man kwakwa kaɗan, a fara da ƙafafu daga cinya zuwa sawu, sai hannaye, sai baya. A ciki a bi yadda hannun agogo yake juyawa, don haka hanji ya kwanta, shi ya sa yake taimakon mai kumburin ciki, har babba mai fama da taurin bayan gida. A kauce wa maɗiga, da cibiyar da ba ta warke ba. Ba a shafa wa jariri man zafi. Kuma nonon jariri da yake kumbura a makon farko, sinadarin jikin uwa ne, da kansa yake sacewa. Matse shi da ake yi ne yake sa ya yi ruwa har a kai ga tsagawa.

Malam Isyaku: Saura targaɗe. Kwana biyu zuwa ukun farko babu tausa, babu ruwan zafi, don ƙananan jijiyoyin jini sun fashe a ciki, murzawa ƙara kumburi take yi. A ɗaga wajen sama, a sa ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20. In mutum ya kasa taka ƙafar, hoto za a ɗauka. Gwiwar hannun yaro ta fi ko'ina hatsari: in aka yi ta murzawa da miƙarwa da ƙarfi bayan faɗuwa, ƙashi yana iya tsirowa cikin nama, hannun ya sandare. Mai shanyewar ɓarin jiki kuma ba a jan hannunsa, kafaɗar ta riga ta saki, gocewa za ta yi.

Zainab: Masu sikila su bambanta a nan. Su ƙanƙara ba tasu ba ce, sanyi tayar da ciwon yake yi. Shafa mai laushi da tawul mai ɗumi, da shan ruwa da yawa, tare da maganin da likita ya ba su. Mai ciwon suga kuwa, ƙafarsa tana iya daina jin zafi, don haka mai gashin ya fara gwada ɗumin ruwan a cikin damtsensa, ya kuma duba tsakanin yatsu ko akwai rauni kafin ya sa mai. Malam, Hajiya, mun gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.