Rigakafin HIV na DNA: jiki ya amsa, amma me ya hana shi karewa?

To jama'a, wannan allurar rigakafin HIV da ake gwadawa ba ƙwayar cutar ake zuba maka ba, ko mai rai ko matacciya. Wani ɗan zobe ne na DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin halitta a cikin ƙwayoyin jiki, wanda aka rubuta masa yadda ake ƙera wasu sassan HIV, sai a tsira maka a dantse, tsokarka ta karanta ta ƙera sassan da kanta, garkuwar jiki ta gani ta ce a'a wannan baƙo ne. Kamar dai ka raba wa 'yan sintiri hoton ɓarawo tun bai shigo unguwa ba.

Kuma fa jiki yana amsawa, ba ƙarya. CD4, ƙwayoyin garkuwar jikin nan da ake auna wa masu ɗauke da cutar a asibiti, suna tashi su yi aiki, CD8 masu kashe ƙwayar jikin da ta kamu su ma suna tashi. Sai dai a ɓera abin ya fi armashi, a mutum kam amsar ba ta da ƙarfi, shi ya sa wasu suke haɗawa da ɗan shokin na lantarki a wajen allurar don DNA ɗin ya samu shiga, wasu kuma su fara da DNA sannan su ɗora wata allurar daban a kai.

Haka aka yi a Amurka a gwajin HVTN 505, mutum kusan 2,500, DNA sau uku sannan ɗaya ta ƙari. Jini ya nuna amsa, amma a Afrilun 2013 aka dakatar da allurar, don waɗanda aka yi wa ta gasken suna kamuwa kamar waɗanda aka yi wa ta bogi. Gwajin PrEPVacc ma a Uganda, Tanzaniya da Afirka ta Kudu haka ya ƙare a 2023.

To ina gizo ke saƙar? HIV tana sauya kama da sauri, ta kuma lulluɓe bayanta da sukari, sai ka ga antibodi, wato makamin da garkuwar jiki ke ƙerawa don kama cuta, ya manne mata amma bai hana ta shiga ba. A ganina mafi muni shi ne cikin 'yan kwanaki ta riga ta cusa kanta cikin DNA ɗin CD4 ɗin da ya kamata su yaƙe ta, daga nan kuwa babu mai fitar da ita.